Ni da Fitilun Kiɗan Biki

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin malamaina su yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya jingine nahawu da adabi, ya ɗauki alƙalami yana zancen fitila da waya da janareta. Uzurina shi ne, da waɗannan tarkace nake biyan kuɗin makaranta. Tun ƙarshen shekarar 2023 na shiga sana'ar nan da samari ke kira di-je, watau mai ɗaukar kayan sauti zuwa gidan biki, ya kafa lasifika, ya riƙa sakin waƙoƙin da aka riga aka naɗa. Sunan na aro ne, amma ya zauna a bakin jama'a, kuma da wuya makaɗi ya yarda a kira mu da nasa sunan, tun da ba mu taɓa fasa yatsa a kan tsarkiyar kalangu ba.

Jarin da na fara da shi kuɗin adashen mahaifiyata ne, ta kwasa ta ba ni rance. Na sayi lasifika biyu na hannu, da amfilifaya, da na'urar haɗa sauti, da janareta mai ɗaukar wat 2,000. Da abin da ya rage na hau mota zuwa kasuwar Sabon Gari ta Kano neman fitilu. A nan ne ido ya yaudare ni. Mai kantin ya ja labule, ya kashe ƙwan ɗakin, ya kunna mini wata fitilar leza mai zana furanni a bango, da wata mai walƙiya kamar hadari ya taso, sa'an nan ya danna injin hayaƙi, ɗakin ya koma kamar mafarki. Ban tambayi nawa kowace ke ci na wuta ba. Na biya kuɗin duka ukun, na ƙara da fitilu biyu masu launi, ɗaya kore, ɗaya shuɗi, na komo Zariya ina jin kaina.

Aikina na farko kamun 'yar Goggona ne, a Tudun Wada, cikin sanyin Disamba. Ban karɓi ko kwabo ba, domin suna nake nema. Na aro manyan fitilun halojin guda biyu daga wani maƙwabci, irin waɗanda ake haska wurin gini da su, na jona kome da kome a waya guda. Bayan Isha'i fili ya cika, mata sun sha anko, kiɗa na tafiya daidai. Da aka ce ga amarya nan tafe da ƙawayenta, sai na ce a raina yau za a san an ɗauko gwani. Na sa hannu na kunna injin hayaƙi. Janareta ya yi gurnani sau biyu, kamar raƙumin da aka yi wa lodi fiye da kima, ya mutu.

Duhun da ya biyo baya bai kai minti biyar ba, amma har yau ina jin tsawonsa. Yara suka fashe da kuka. Wata dattijuwa ta yi tuntuɓe da wayata ta faɗi a kan gwiwa. Kuɗin liƙin da ke zube a kan tabarma kuwa, kafin a haska tocilan waya, wasu yaran unguwa sun yi gaba da abin da hannunsu ya kai. Cikin ruɗewa na zare fitilun halojin da injin hayaƙin, na tayar da janareta, aka ci gaba da biki a ƙarƙashin kore da shuɗi da walƙiya. Bayan kwana uku mai hoto ya kawo aikinsa. Amaryar da aka kwana biyu ana yi wa dilka da lalle ta fito fuskarta kore shar, leshinta mai ruwan zinari ya koma launin toka. Goggo ta aiko aka kira ni, ta miƙo mini hoton, ta ce, "Kai ɗan nan, 'yar tawa ka mayar aljana?" Na ce, "Ki yi haƙuri, Goggo." Ta ce haƙuri ya zama dole, tun da ba a sake kamu.

Da wannan kunya na nufi wurin wani dattijo mai gyaran wuta a Samaru, wanda ya daɗe yana haɗa wa masu wasan kwaikwayo fitilun dandamali. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya yago bayan kwali ya ce in lissafa masa kayana. Kayan sauti gaba ɗaya wajen wat 900. Halojin biyu, kowace 500, ya zama 1,000. Injin hayaƙi, wanda ashe tukunyar dafa ruwa ce a cikinsa, shi kaɗai 900. Ya ja layi ya tara, 2,800, ba a ma sa ƙananan fitilun ba. Ya ce, "Yaro, jakin da ke ɗaukar buhu biyu ka ɗora wa uku." Ya ƙara da cewa ko 2,000 ɗin da aka rubuta a jikin injin ba a cika ta, akan tsaya wajen 1,600, saboda duk lokacin da ganga ta buga a lasifika, amfilifaya kan fizgi wuta fiye da yadda ta saba. Na ce, "To, Baba, waɗanne fitilu zan saya?" Ya ce ba nan ake farawa ba. Ya tambaye ni, "Wa aka zo gani a wurin nan, kai ko amarya?"

Wannan tambaya ita ta juya mini tsarin duka. Ni da na fara daga abin da ke burge ido a kanti, ashe daga fuskar mutane ake farawa. Abu na farko da sabon di-je ke bukata shi ne farin haske, kuma ba kowane fari ba. Akwai fari mai sanyi, mai karkata zuwa shuɗi, irin na ɗakin asibiti. Akwai kuma fari mai ɗumi, mai ruwan hantsi, wanda akan rubuta 3,000K ko kusa da haka a kwalinsa. Fatarmu ta fi amsa mai ɗumin: yana fito da jan lalle da ƙyallin zinari, alhali kore da shuɗi kan sa baƙar fata ta yi furu-furu kamar ta wanda ya yi rashin lafiya. Na sayi fitilun LED biyu irin wannan, kowace wat 50. Hasken da suke bayarwa ya wadaci fili, kuma su biyun ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da halojin guda ke ci ba. Ga tsadar fetur tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Inda ake kafa fitila ya fi yawanta muhimmanci. In an aje ta ƙasa tana dukan fuska daga haɓa, sai mutum ya zama abin tsoro. In an rataye ta tsaye bisa kai, sai gwaggwaro ya jefa inuwa, idanu su zama ramuka. In kuwa ta yi daidai da ido, sai ta kashe shi, amarya ta yi ta runtsawa. Baba ya nuna mini in ɗaga kowace a kan turke mai ƙafa uku, sama da tsayin mutum sosai, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, su sunkuyo kan kujerar ango da amarya a karkace, wajen digiri 45, yadda inuwar da ɗaya ta yi ɗayar za ta share ta. Daga baya na gane wannan tsohuwar dabara ce ta masu dandamali, wadda Stanley McCandless na Jami'ar Yale a Amurka ya bayyana a littafinsa na 1932. Kowane turke kuma sai an danne ƙafarsa da buhun yashi, domin iskar hunturu da yaran biki ba su san tsadar kaya ba.

Launi yana zuwa ne a bayan wannan, kuma bayan mutane ake aje shi. Ina da ƙananan fitilu huɗu yanzu, masu ƙwayoyin ja da kore da shuɗi, waɗanda in an gauraya su ake samun kusan kowane launi. Bango nake haskawa da su, ko labulen ado, ko cikin rufin rumfa, in zaɓi launin da ya dace da ankon ranar. Suna da 'yar makirfo a ciki da ke sa su canza launi da bugun kiɗa, amma in an sake su haka kowace sai ta kama gabanta, fili ya hargitse. Shi ya sa nake jona su da wayar DMX, tsarin da aka fito da shi a 1986 don sarrafa fitilun dandamali, in sa ɗaya ta zama jagora, sauran su bi ta. Duka fitiluna a yau ba su kai wat 400 ba.

Akwai wani haske da ba a sayar da shi da sunan kayan di-je, amma a ganina shi ne ke tsare mutuncin sana'ar: hasken gefe. Kowa ya san dattawa ba su ƙaunar aikinmu, har a wasu garuruwa an hana shi. In aka saurari ƙorafinsu da kyau, ba ƙarar kiɗa kaɗai ba ce, har da abin da ke faruwa a lungun da haske bai kai ba. Kakata takan ba mu labarin yadda suke gaɗa a dandali lokacin farin wata, sai in lura da cewa wata ba ya zaɓen wanda zai haska: mai rawa da mai kallo da wanda ya raɓe jikin katanga duk a sarari suke, uwa na iya hango 'yarta daga ƙofar zaure. Fitilar di-je kuwa takan tara haske a tsakiya, ta ƙara wa gefe duhu, don idon da ya saba da haske ba ya ganin abin da ke bayansa. Saboda haka nakan ja waya in rataye ƙwai masu wat 10 a ƙofar shiga, da inda aka jera babura, da hanyar bayan gida. Nakan kuma rataye fitilu biyu masu caji a kunne tun farkon biki, don ko janareta ya sake yi mini irin ta Tudun Wada, ba za a faɗa duhu ba. Wayoyin da ke ƙasa kuma ta jikin bango nake bi da su, inda dole su ratsa hanya in rufe su da darduma.

Kayan burgewar da na fara saye su suka zo ƙarshe. Fitila mai walƙiya na daina kunna ta, domin ƙyaftawar haske da sauri kan tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu, kuma a taron mutum ɗari biyu ba a tambayar kowa lafiyarsa a bakin ƙofa. Leza tana iya lahanta ido, tana kuma ƙona idon kyamara, don haka in na kunna ta, can saman bango nake nufa da ita. Amfanin hayaƙi shi ne ya sa a ga sandar haske a cikin iska, to, mu nan da zarar ƙawaye sun shiga fili ƙurar da ƙafafunsu ke tayarwa ta isa, balle a hunturu da Allah ya hore mana hazo kyauta.

Injin hayaƙin yana nan a ƙarƙashin gadona a ɗakin kwanan ɗalibai. Sau biyu ina kai shi kasuwa ana taya shi rabin kuɗinsa. Biki goma sha ɗaya na yi tun daga wancan, saura zubi uku in gama biyan Inna. An sa ranar ƙaramar 'yar Goggo bayan Babbar Salla. Na je gaishe ta makon jiya, na ɗauki hotunan bikin da na yi a Sabon Gari na nuna mata. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan na amaryar, sa'an nan ta miƙo mini, ta tambaye ni yaya karatu.