Ranar Da Ja Ya Koma Rawaya

Jama'a, aikin ɗakin gwaji na asibiti ya koya mini tsoron launin rawaya. Akwai ƙwayoyin cutar hanji, irin su Klebsiella, masu fitar da sinadarin da ke karya kabafenem, maganin da likita ba ya taɓawa sai tura ta kai bango. A 2012 masana a Faransa suka fito da gwajin Carba NP: a gauraya ƙwayoyin da maganin cikin jan ruwa, in ya koma rawaya cikin awa 2, to, sun karya shi. Sai a sake magani, a keɓe majinyacin. Ina roƙon Gwamnati ta wadata asibitocinmu da wannan gwaji, domin lalube cikin duhu rayuka yake ci.