Ta Gane Ni Daga Tafiyata



Shekara biyu ke nan ina koyar da ajin yara a makarantar Lahadi. Cikinsu akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ƙyanda ta makantar tun tana goye. Tana karatu a makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato, wadda 'yan mishan na SUM suka buɗe a 1953, saboda haka sai lokacin hutu muke ganinta.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko tausayinta kawai nake ji, irin tausayin nan mai raini a ciki. In na jefa tambaya a aji, ba na kiran sunanta. In zan yi mata magana sai in ɗaga murya. Ran nan ta ce, "Malam, ina jinka fa. Idona ne ba ya gani." Yara suka fashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Daga nan na fara zama kusa da ita bayan an tashi. Ta nuna mini allonta da ɗan tsinken da take huda takarda da shi. Kowane harafi daga ɗigo shida yake fitowa, kuma daga dama take hudawa zuwa hagu, domin in ta juya takardar ta karanta daga hagu zuwa dama. Ashe wanda ya tsara rubutun, Louis Braille na Faransa, shi ma yaro ne makaho, bai wuce shekara goma sha biyar ba a lokacin. Na gwada rubuta sunana, ta shafa, ta ce wannan ba sunan kowa ba ne.

Ana gab da Kirsimetin bara aka sallame ni daga aiki. Ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyata. Na riƙa zuwa sujada da guga a rigata da murmushi a fuskata, kowa ya gaishe ni in ce lafiya lau, a zuciyata kuwa na riga na yanke cewa zan ajiye ajin, in janye daga zumunta. Addu'a ma ta zame mini nauyi.

Wata Lahadi da yara suka watse, ta ƙi tashi. Ta ce, "Malam, me ya same ka?" Na ce ba komai. Ta ce, "Da kana shigowa da sauri, makullanka na kaɗawa. Yanzu sati biyu kana jan ƙafa. Kuma in ka yi addu'a kana haɗiye ƙarshen magana." Majami'a cike da masu ido, murmushina ya rufe su duka, ita kuwa bai isa wurinta ba. Ta laluba hannuna ta riƙe, ta yi addu'ar da ba ta kai minti ɗaya ba. Na yi hawaye shiru, ina zaton ba za ta sani ba. Ta ce in share fuskata kafin Baba Fasto ya leƙo.

A daren na koma Yohanna sura 9. Almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, abin da ya dame su shi ne zunubin wa ya jawo. Mahaifiyar yarinyar nan ta sha jin irin wannan magana a unguwa, har wasu sun ba ta shawara ta kai ta tasha bara, ta ƙi. Amma abin da ya tsaya mini a rai wannan karon shi ne bayan warkarwar. Farisiyawa sun tsare mutumin da tambayoyi, iyayensa sun ji tsoro sun mayar da maganar kansa, shi kuwa bai ja da baya ba har suka kore shi, Yesu ya neme shi ya same shi. A ganina, shekarun da ya yi zaune bakin hanya yana auna muryoyin mutane ne suka koya masa bambanta mai neman gaskiya da mai neman kama shi. Wannan ra'ayina ne, Nassi bai faɗa ba.

Da safe na gaya wa mahaifiyata batun aikin. Ajin ma ban ajiye ba.

Kafin yarinyar ta koma Gindiri ta huda mini sunana daidai a wata 'yar takarda mai kauri. Tana cikin Littafi Mai Tsarkina. Har yau in na rufe ido na shafa, harafin farko kawai nake iya ganewa, kuma ta ce za ta gwada ni da hutun Ista.