Safiya a Lambun Yuexiu, Inda Tsofaffi Ke Tai Chi

'Yan kasuwarmu da ke sauka a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, a ƙasar Sin, sun san lambun Yuexiu ba shi da nisa. Da gari ya waye na taka zuwa can, na tarar da tsofaffi maza da mata a jere ƙarƙashin itatuwa, suna motsa hannu a hankali kamar masu tura ruwa. Wannan shi ne tai chi.

Ana danganta asalinsa da ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan, kuma a 2020 UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya. Sabon shiga yakan fara da tsayuwa kawai: gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, numfashi a natse. Daga nan sai jerin motsi 24 da aka tsara a 1956. Ƙwararru kuma su yi biyu-biyu, hannu da hannu, kowa na neman karkatar da abokinsa ba da ƙarfi ba.

Na gwada tsayuwar. Kafin minti uku cinyoyina sun fara rawa, wata tsohuwa a gefena kuwa ko gezau.

Sai na tuna mahaifiyata, wadda tun da ta zame a banɗaki take tsoron tafiya. Bincike ya nuna wannan motsa jiki yana ƙarfafa ƙafa, yana rage faɗuwar tsofaffi. Ba ya buƙatar na'ura, tsakar gida ta isa. Mai ciwon gwiwa dai ya fara tuntuɓar likita.