Kuroketa a Madrid: darajar ragowar abinci

A wani lungu kusa da dandalin Puerta del Sol, a tsakiyar birnin Madrid, akwai tsohon gidan abinci mai suna Casa Labra, wanda ya samo asali tun 1860. A cikinsa aka kafa jam'iyyar ma'aikata ta PSOE a asirce a 1879, amma layin da na tarar a ƙofarsa ba na siyasa ba ne, kuroketa ake jira.

A ido kamar ƙosai take, sai dai babu wake a cikinta. Dattijuwar da na kama haya a gidanta ce ta nuna mini sirrin. Ana narka man shanu, a zuba fulawa da madara, a yi ta tuƙawa har ya yi kauri. Sai a daddage ragowar kazar jiya a ciki, a bar shi ya kwana a firji. Washegari a mulmula, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa a garin busasshen burodi, a soya. Idan mai bai yi zafi sosai ba, fashewa take yi.

Wasu da kifi mai gishiri suke yi, kamar Casa Labra, wasu da alayyafo. Ta naman alade ta fi yawa, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya kai baki.

Dattijuwar ta ce ba ta taɓa sayen kaza musamman don kuroketa ba, abin da ya rage ne take raya shi. Sai na tuna ɗumamen iyayenmu, da kuma tulin shinkafar da muke zubarwa bayan kowane biki.