Bikin Cakulan na Perugia da Bukukuwan Ƙasar Hausa: Tsakanin Mai Noma da Mai Sarrafawa

Birnin Perugia, hedikwatar yankin Umbria da ke tsakiyar ƙasar Italiya, shi ne mai masaukin ɗaya daga cikin manyan bukukuwan cakulan na nahiyar Turai, wanda ake kira Eurochocolate, ana kuma gudanar da shi idan sanyi ya fara shigowa, a watan Oktoba ko Nuwamba, har na tsawon kwana tara ko goma. Cakulan abin maƙulashe ne da ake haɗawa daga niƙaƙƙun 'ya'yan koko da man da ake tatsa daga cikinsu da sukari, wani lokaci a ƙara madara, kuma kokon da ake nufi a nan itaciyar kurmi ce wadda asalinta daga nahiyar Amurka take, ba ta kuma rayuwa sai a wuri mai zafi da damshi da yawan ruwan sama. Ba a noman wannan itaciya a Italiya, amma duk da haka birnin da ke da mazauna kimanin 160,000 yakan cika maƙil da dubban ɗaruruwan baƙi domin shagalin abin da ake samu daga gare ta. Wannan shi ne babban abin da ya bambanta bikin da bukukuwan da aka saba da su a ƙasar Hausa, inda jama'a kan taru domin murnar abin da gonarsu ko koginsu ko garkensu ya ba su.

Perugia tsohon gari ne da aka gina a kan tsauni, wanda wata al'umma da ake kira Etruskawa ta zauna a cikinsa tun kafin daular Rum ta mamaye yankin, kuma har yau babbar ƙofar dutse da suka gina sama da shekara 2,000 da suka wuce tana tsaye ana ratsawa ta cikinta. A tsakiyar garin akwai dandalin Piazza IV Novembre, inda wata maɓulɓular ruwa ta marmara da aka kammala a 1278 take, daga nan kuma babban titin Corso Vannucci ya miƙe, wanda aka keɓe wa masu tafiya da ƙafa. A ɗaya ƙarshen titin akwai ragowar ganuwar Rocca Paolina, wadda Fafaroma Paul na Uku ya sa aka gina a 1540 bayan ya murƙushe boren da mutanen garin suka yi saboda harajin gishiri, aka danne gidaje da lungunan wata unguwa a ƙarƙashinta. A yau matakalai masu tafiya da lantarki ne ke ɗauko mutane daga ƙasan tsaunin su ratsa da su ta waɗannan lunguna da aka binne, kamar yadda wani ƙaramin jirgin ƙasa marar direba, wanda ya fara aiki a 2008, ke hawo da baƙi daga inda suka ajiye motocinsu. A cikin waɗannan tituna da dandali ake kafa rumfunan bikin, saboda haka mai ziyara ba ya iya raba kallon hajar da kallon garin.

Abin da baƙo zai tarar shi ne jerin rumfuna na manyan kamfanoni da na ƙananan masu sana'ar hannu, ana sayar da cakulan baƙi mai ɗaci, wanda kokonsa ya rinjayi sukarinsa, da mai madara, da fari wanda ake yi da man koko kaɗai ba tare da garinsa ba, sai kuma na sha mai zafi da kauri wanda sai an sa cokali. Abin da bikin ya fi shahara da shi shi ne aikin masassaƙa, inda ake ajiye wa kowane gwani dunƙulen cakulan mai nauyin sama da tan ɗaya a kan titi, ya yini yana sassaƙa shi da guduma da kurfi har ya fitar da wata siffa, ana tattara ɓarɓashin da ke zubowa ana raba wa 'yan kallo kyauta. Ana kuma shirya zaman ɗanɗano, inda masana ke koya wa jama'a yadda za su bambance kokon wata ƙasa da na wata ta hanyar ƙamshi da ɗaci da yadda yake narkewa a harshe. Musulmin da ya je wurin yana bukatar ya riƙa tambaya kafin ya saya, domin akwai nau'o'in da ake cusa wa giya a cikinsu, kuma ba kullum ake gane su daga waje ba.

Dalilin da ya sa wannan biki ya samu gindin zama a Perugia yana komawa ga masana'anta. A shekarar 1907 aka kafa kamfanin Perugina a cikin garin, kuma a 1922 wata mata mai suna Luisa Spagnoli ta ƙirƙiro alewar da aka sa wa suna Baci, wadda ake cuɗa cakulan da niƙaƙƙen hazal, wato wani ɗan itace mai ɓawo da mai wanda ake nomawa sosai a Italiya, a ɗora ƙwaya guda a sama, a lulluɓe da baƙin cakulan, sannan a naɗe kowace ɗaya da 'yar takarda mai ɗauke da kalaman ƙauna. Kamfanin Nestlé ya saye Perugina a 1988, amma masana'antar tana nan a unguwar San Sisto tare da gidan tarihinta, kuma a kan wannan suna ne wani mai zanen gine-gine ɗan garin, Eugenio Guarducci, ya ɗora bikin a farkon shekarun 1990. Ita kanta sana'ar ta tsaya ne a kan dabarun da Turawa suka gano a ƙarni na 19: matsar da ke raba man koko da garinsa a Holan a 1828, da sandar cakulan ta ci a Ingila a 1847, da haɗa shi da madara a Suwizalan a 1875, da injin da ke murza shi na tsawon sa'o'i har ya yi santsi a 1879. Abin da Perugia ke tinƙaho da shi, ke nan, gwanintar hannu ce da inji da suna.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta tushen biki daban yake. Kalankuwa tana zuwa ne bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da rumbuna suka cika, samari da 'yan mata suka samu sararin wasa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, masunta ne taurarinsa, su ne ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, Sarkin Ruwa kuma yana da hurumin da ba a tsallakewa. Taron Ingal a Jamhuriyar Nijar yana haɗa makiyaya, Buzaye da Fulani, a ƙarshen damina lokacin da suka kai dabbobinsu lasar gishiri. A duk waɗannan, mutumin da ya yi wahalar samar da abin shi ne a tsakiyar fili, shi ake yi wa kiɗa da kirari, kuma lokacin bikin yana bin damina da kaka. A Perugia kuwa an zaɓi lokacin ne domin ya dace da sanyi da kasuwa, tunda man koko yana narkewa idan zafi ya kai kusan digiri 34, kuma manomin da ya fasa kwanson koko da adda yana can nesa da dubban kilomita. Haka nan baƙo a bikin Bahaushe yakan ci abinci a gidan da ya sauka, a yi masa guzuri, alhali shi baƙon Perugia, ko da yake ba a karɓar kuɗin shiga titi, kusan duk abin da zai ɗanɗana da kuɗinsa ne.

Akwai dangantaka ta haƙiƙa tsakanin Hausawa da wannan haja, kuma ta hanyar goro ta biyo. Masana tsirrai sun sanya goro da koko cikin dangi ɗaya, dukansu suna ɗauke da sinadaran da ke wartsake jiki, kuma matsayin da cakulan yake da shi a wurin Italiyawa na kyautar neman aure da ziyara da bukukuwan addini ya yi kama da matsayin goro a wurin ɗaurin aure da raɗin suna. Fatake sun shafe ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga domin sayo goron Asante, suka kafa zanguna da suka zama unguwanni a Kumasi da Ankara. Bayan da wani mutumin Gana mai suna Tetteh Quarshie ya kawo irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong, noman ya bazu cikin kurmin da ke ba da goro, har ƙasar da a yau ake kira Gana ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da koko a 1911, kuma 'yan cirani daga arewa, ciki har da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, suka shiga aikin ƙwadago da dako da dillancinsa. A Nijeriya ma kuɗin koko ne ya gina dogon benen Cocoa House na Ibadan a 1965.

A yau Kwaddibuwa da Gana kaɗai suna samar da kimanin rabin kokon duniya, Nijeriya da Kamaru kuma suna cikin manyan masu nomansa, amma abin da ke isa hannun manomi bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ake sayar da sandar cakulan a Turai ba. Wannan ne ya sa Kwaddibuwa da Gana suka haɗa kai a 2019 suka ɗora ƙarin dala 400 a kan kowane tan domin kyautata rayuwar manoma. Ko a 2024, lokacin da cututtukan itace da rikicewar damina suka rage amfani har farashin tan ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, manoman ƙasashen biyu ba su ga ribar nan take ba, domin hukuma ce ke yanke musu farashi, kuma akan sayar da amfanin tun kafin a girbe shi. Gana ta yi yunƙurin gyara wannan giɓi ta hanyar mai da ranar 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa, tana kuma da masana'anta a Tema mai yin samfurin Golden Tree, sai dai zafin yanayi da tsadar lantarki da sukari da madara suna taƙaita ciniki. Shi ya sa a Kano ko Maraɗi hanyar da koko ya fi shiga bakin jama'a ita ce garin Bournvita ko Milo da mai shayi ke zubawa a kofi.

Masu shirya bikin Perugia sukan keɓe wani sashe domin ƙasashen da ke noman koko, a yi jawabai a kan ciniki na adalci da aikin ƙananan yara a gonaki da sarar dazuzzuka, kuma wannan abin yabawa ne, ko da yake bai sauya rabon riba ba. Darasin da ya fi amfani ga garuruwa irin su Kano da Katsina da Damagaram da Agadas shi ne yadda wani gari ya adana ƙofofinsa da titunansa, ya haɗa su da sana'a ɗaya da ya ƙware a kanta, har sunansa da sunan hajar suka zama abu guda. Ƙasar Hausa tana da kilishi da ƙuli-ƙuli da alewar riɗi da jima da rini, tana kuma fitar da riɗi da zoɓo da fatu ɗanyu zuwa ƙasashen da ke sarrafa su su sa musu sunansu, yayin da badala ke zaizayewa ana gine-gine a kanta. Idan waɗannan garuruwa suka gyara tsoffin unguwanninsu, suka inganta tsabta da marufi da ajiyar kayan da suke yi, za su iya shirya biki mai jawo baƙi da ciniki kamar na Perugia, tare da riƙe abin da bukukuwansu suka fi shi da shi tun asali, wato tsayar da manomi da makiyayi da majemi a gaban jama'a a girmama su, a kuma biya su haƙƙin guminsu.