Bayan Sadakar Arba'in

A al'adarmu ta Hausawa, makoki yana da iyaka. Akan yi zaman kwana uku, a wasu gidajen a yi sadakar bakwai da ta arba'in, daga nan sai a naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. Wannan tsari ya dace da wanda ya rasu a kan shimfiɗarsa. Amma mu da muke koyar da adabi mun daɗe muna tambayar kanmu: ina matsayin uwar da aka kashe wa ɗa, bayan masu ta'aziyya sun watse?

Tambayar ta ƙara yi mana nauyi a watan Janairun 2022, lokacin da aka tono gawar Hanifa Abubakar, 'yar shekara 5, a Kano. Mai makarantar da take karatu ne ya sace ta a watan Disamban 2021, ya nemi kuɗin fansa, sannan ya kashe ta. A watan Yulin 2022 babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa. Shari'a ta yi nata aikin, wato ta hukunta mai laifi. Sai dai ba hurumin alƙali ba ne ya shiga ɗakin da aka bar kayan makarantar yarinya a rataye. Nan ne ƙagaggen labari yake shiga.

Alal misali, a littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart (1958), Okonkwo ya sare Ikemefuna, yaron da ya shekara uku a gidansa yana kiran sa uba, don kada a ce shi rago ne. Kwana biyu bai iya cin abinci ba, bai kuma yarda ya yi kuka ba. Baƙin cikin da ya danne sai ya ɓullo a wajen ɗansa Nwoye, wanda daga bisani ya bar gidan.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Season of Crimson Blossoms (2015) na Abubakar Adam Ibrahim. Tauraruwarsa, Binta Zubairu, tana zaune ne a gefen wannan birni na Abuja. Kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunan ɗanta ko nuna masa ƙauna, har ranar da 'yan sanda suka harbe shi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne sunan da ba ta taɓa furtawa ba.

Idan muka haɗa littattafan biyu, za mu ga cewa ciwon da aka hana shi magana ba ya warkewa, sai dai ya sake mazauni. Haƙuri umarnin addini ne, amma bai hana hawaye ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Saboda haka muke roƙon ɗalibanmu masu sha'awar rubutu, idan za su ɗauki wannan jigo, kada su ɓata tawada wajen siffanta jini da wuƙa. Su bi uwar zuwa rana ta arba'in da ɗaya, su saurare ta, su bar ta ta kira ɗanta da sunansa.

Idu, Abuja