Cinikin Biri a Sama: Batun Cajar Kyamara

Mu ɗaliban da muka mayar da ɗaukar hoto sana'a a wannan jami'a ba mu da yawa, amma duk wanda ya taɓa halartar bikin rantsar da sababbin ɗalibai ko na yaye tsofaffi ya gan mu rataye da kyamara muna kai da komowa. Idan ƙarshen mako ya zo kuma sai mu fantsama unguwannin Hausawa irin su Agege da Idi-Araba, inda ba a rasa ɗaurin aure ko suna ko walimar saukar Alƙur'ani. Da ɗan abin da muke samu a nan muke biyan kuɗin makaranta. Mai karatu zai yi mamaki idan muka ce abin da ya fi jawo gardama a tsakaninmu shi ne cajar batir, ɗan akwatin nan baƙi da bai kai tafin hannu ba, wanda babu mai waiwayarsa sai ranar da ya ɓace ko wuta ta ƙona shi.

Ranar kuwa tana zuwa wa kowa. Wani ya sayi kyamararsa tokunbo, ta zo masa ba caja. Wani an kawo wuta da ƙarfi cikin dare ta lashe tasa. Har ma kamfanonin da kansu sun fara rowa, domin kyamarar Sony a7 III da ta fito a 2018 ba a sa mata caja ta daban a kwali ba, sai dai a cusa mata waya a cika batirin yana cikinta. Saboda haka sai mutum ya nufi Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, mai kanti ya ajiye masa biyu a gabansa: ga ta kamfanin da ya ƙera kyamarar, ga kuma ta wani kamfani daban, wadda kuɗinta sau da yawa ba ya kai rabin na waccan. Dukansu baƙaƙe, dukansu suna da 'yar fitila. Abin da ya bambanta su yana ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan aikin da caja take yi, domin yawancinmu mun ɗauka hanya ce kawai da wuta ke bi ta shiga batir. Batiran kyamarorin yau na litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Yana ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki, amma ba ya haƙuri da wuce iyaka. Kowane ɗaki a cikinsa yana cika ne a kan bolt 4.2, kuma batiran manyan kyamarori ɗaki biyu gare su a jere. Alal misali, batirin Canon LP-E6 da yawancinmu ke amfani da shi an rubuta masa bolt 7.2 a jiki, cajarsa kuwa tana fitar da 8.4. Caja ta ƙwarai tana yin abin da mai hankali yake yi idan yana cika tulu a famfo. Da farko ta saki wuta daidai gwargwado ba ƙari ba ragi, idan batir ya kai 8.4 ta tsaya a nan tana rage kwararar a hankali, daga ƙarshe ta rufe gaba ɗaya. To, idan caja ba ta iya wannan awo ba, ɗayan biyu ne. Ko dai ta tsaya tun tulun bai cika ba, ta kunna koriyar fitila, mai hoto ya fita da ƙwarin gwiwa batir ya mutu masa ana tsakiyar shafa fatiha. Ko kuma ta riƙa zarcewa kaɗan kullum, batir ya riƙa zafi, ya tsufa da wuri, ya kumbura har ya maƙale a cikin kyamara. Idan abin ya yi muni yana iya kamawa da wuta, mu kuwa a ɗakunan kwana muke caji, kusa da katifa da littattafai.

Bugu da ƙari, wanda ya juya batirinsa zai ga bakunan ƙarfe fiye da biyu. Ƙarin bakunan nan ta nan ne batir yake sanar da zafin jikinsa ko wasu bayanai nasa. Da yawa daga cikin cajojin araha tsinke biyu kawai gare su, wato suna ɗura wuta ba tare da sun ji halin da batirin yake ciki ba. Gaskiya ne batiri mai kyau yana da nasa makarin a ciki, wanda zai yanke wuta idan ta yi yawa, sai dai wannan makari an yi shi ne domin ranar tsautsayi, bai kamata a ɗora masa aikin yau da kullum ba.

Masu goyon bayan cajar kamfani a cikinmu da wannan suke kafa hujja, su ƙara da cewa araha ba ta ado. Suna kuma kawo batun garanti, tunda kamfanoni ba sa ɗaukar alhakin ɓarnar da kayan wani ya jawo. Wannan hujja ta biyu ba ta cika ratsa mu ba, don kyamarar da ta bi hannu uku kafin ta iso Legas ba ta da wani garanti da za a yi asararsa. Haka kuma babban suna bai hana kuskure ba. A 2012 Nikon ya nemi a dawo masa da wasu batiransa na EN-EL15 saboda suna iya yin zafi fiye da kima, a 2016 kuma Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa baki ɗaya saboda batirinta yana kamawa da wuta. Amma abin lura a nan shi ne, da abin ya faru an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, masu ita kuma sun fito sun amsa. A ganinmu rabin tsadar cajar kamfani kuɗin wannan ƙofa ne.

Ɗaya ɓangaren ma ba su rasa abin faɗa ba, kuma halin ƙasarmu yana tare da su. An sauya wa NEPA suna tun 2005, an miƙa rabon wuta ga 'yan kasuwa a 2013, amma har yanzu idan aka ɗauke wuta sunanta muke kira. Cajojin kamfani da muka saba da su batir ɗaya suke ɗauka, kuma sai da soket. Na waje kuwa akwai masu gurbi biyu, masu shan wuta ta wayar USB, waɗanda za a haɗa da fawa banki a jefa cikin jaka ana tafe a mota suna aiki. Suna da nawa, domin sai sun ɗaga bolt 5 zuwa 8.4 sannan su raba wa batir biyu, amma ga wanda ya kwana biyu babu wuta, da babu gara ba daɗi. Kamfanoni irin su Nitecore da Hähnel da Wasabi Power suna yin irin waɗannan, suna buga sunansu ɓaro-ɓaro a jiki, ba su ce su ne Canon ko Nikon ba.

A nan ne muke ganin gardamar tamu ta daɗe tana kewaye gaskiyar magana. Cajojin da ke kan teburin mai kanti iri uku ne. Ta ukun ita ce jabu, wadda aka yi a inda babu wanda ya sani, aka manna mata sunan babban kamfani, aka sa ta a kwali mai kama da na ainihi. Kura ce da fatar akuya. Wanda ya sayi cajar waje mai sunan kanta ya san abin da ya saya, yana kuma sa mata ido. Wanda ya sayi jabu kuwa ya biya kuɗi mai yawa, ya saki jiki, ya jona ta ya yi barcinsa. Mun fi jin tsoron wannan nesa ba kusa ba, domin mai ƙera ta ya riga ya yi ƙarya tun daga suna, babu dalilin da zai sa ya yi gaskiya a awon wutar da ba wanda zai gani. Tambarin CE da ake bugawa a bayanta ma ba shaida ba ne, tawada ce kawai ga wanda ba ya jin kunya.

Akwai 'yan alamu da muke dubawa, ko da yake ba su da tabbas. Jabu takan yi sakayau a hannu, rubutun jikinta yakan yi dishi-dishi ko a sami kuskuren harafi, batir kuma ba ya zama daram a gurbinsa. Idan mai kanti ya rantse ta kamfani ce, sannan ya yarda ya sallama a kan kuɗin ta waje, to ya riga ya ba da amsa. Mukan tafi da batirinmu a gwada a gabanmu, mu taɓa mu ji ko ɗumin ya wuce misali, mu nemi rasit mai sunan kanti.

Yawancinmu dai a yanzu biyu muke riƙewa, idan aljihu ya yarda. Batiran da za mu shiga ɗaurin aure da su, inda ba a cewa ango da waliyyai su sake zama a maimaita, da cajar kamfani muke cika su tun da rana, idan akwai wuta. Ta wajen tana cikin jaka da fawa banki saboda hanya da ranakun duhu. Kowacce ce kuwa a kan siminti muke ajiye ta, nesa da katifa, kuma idan za mu fita lacca sai mun zare ta daga soket.